Sa Hannu na Biyu

Takardar tana kan 'yar kujerar da ke tsakanin ƙofarta da ta maƙwabcinta, an danne ta da sifana. Safiyyatu ta sa safar hannu, ta gyara takunkuminta, ta sunkuya ta karanta. Zafin jiki talatin da takwas da ɗigo huɗu. Iskar da ke cikin jini casa'in da ɗaya.

"Baba," ta ce wa rufaffiyar ƙofar, "jiya fa casa'in da uku ne."

"Jiya jiya ce." Muryar tsohon ta fito a dusashe, tari ya biyo bayanta. "Duba layin da kyau, Injiniya."

Ta duba. Jan layin da suka ja tare a kan casa'in da biyu an soke shi, an sake jan wani da rula a kan casa'in cif. A gefe, da ƙananan haruffan nan nasa masu kama da na injin buga takarda, ya rubuta cewa na'urar kan yi kuskuren biyu sama ko biyu ƙasa.

"Da maigidana Likita zai bar mini na'urar nan, cewa ya yi in ta sauka ƙasa da casa'in da biyu a kira asibiti."

"Likita ya san mutane, ni na san na'ura. Shekara hamsin ina ma'amala da su. Sa hannu, 'yata. Kwana biyar ya rage."

Ranar Asabar ce, cikin azumin shekarar korona, kuma ranar Alhamis jirgin da zai kwashe mutanen Poland da kulle ya rutsa da su a Doha zai tashi. Mai zazzaɓi ba ya shiga, wanda aka kwantar a asibiti kuwa ba a ma maganarsa. Safiyyatu ta san wannan sarai. Ta zaro bironta, ta sa hannu a gurbi na biyu, ƙarƙashin nasa. Ta ajiye masa kwanon kunu da ruwan citta, ta koma ɗakinta ta wanke hannu har sau uku.

Sunansa na yanka Kazimierz Bielak, sunan da babu mai iya faɗa a unguwar Bin Omran ba tare da ya ciji harshe ba. Masu shago da makanikai suka yanke masa na daidai bakinsu, ya zama Baba Kazimu. Shekararsa saba'in da huɗu, dogo ne ya ɗan ranƙwafa, hannuwansa kamar faranti. Da ƙuruciya birkin motoci yake zanawa a wata masana'anta a Warsaw. Daga baya ya yi shekara ashirin da biyar a Kanada yana aikin injinan jirgin sama, har wani kamfanin gyaran jirage ya ɗauko shi Doha don ya koya wa matasa yadda ake duba aiki. Da yana so, da ya zauna a dogayen benayen nan na bakin teku, amma ya ce shi ba ya iya barci inda ba a jin ƙarar guduma. A watan Maris kwangilarsa ta ƙare, kafil, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama, ya sallame shi, ya ɗaure jakunkunansa. Ana sauran kwana huɗu ya tafi aka rufe hanya.

Ita kuwa Safiyyatu 'yar Funtuwa ce. Ta karanta aikin injiniya a jami'a, ta fito da sakamakon da mahaifinta ya sa a firam ya rataye a zaure. Aure ya kawo ta Doha a kan takardar zaman mijinta, Dakta Ja'afaru, kuma shekara uku ke nan babu injin da ta taɓa sai na markaɗe. A nan kowa matar likita yake ce mata. Baba Kazimu ne kaɗai, ranar da ya same ta a ƙasan bene ta buɗe gaban motar mijinta tana sauraron inji da kunne, ya tsaya ya ce, "Me kika ji?" Ta ce bel ne ya saki. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Tun daga ranar bai sake kiran ta da wani suna ba sai Injiniya. Wanda bai taɓa rasa sunansa a baƙuwar ƙasa ba, ba zai gane abin da wannan ya yi mata ba. Da Turanci suke magana, amma Baba take ce masa, kuma ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba.

Shi ne ya koya mata dokar sa hannu biyu. A aikin jirgi, in ji shi, ko ƙusa ɗaya aka ɗaure a wurin da rai ya rataya, wanda ya ɗaura zai sa hannu, sannan wani daban ya zo ya duba ya sa nasa. Jirgi ba ya tashi da hannu ɗaya. Har girkinsa da wankinsa a takarda suke, mutumin da ke auna gishiri da cokalin awo. Don haka da zazzaɓi ya kama shi ranar Laraba, bai yi wata-wata ba, ya ɗauki jikinsa kamar inji, ya zana masa takardar duba. Ya ari 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda Ja'afaru ya bar mata a gida. Ya naɗa ta mai sa hannu na biyu. Sannan ya roƙe ta abu ɗaya, kada ta gaya wa mijinta.

"Amana," ya ce da Hausar da ya tsinta a bakinta. Kalma biyar ya iya, kuma sai da ya zaɓo wadda ta fi nauyi.

Ja'afaru kuwa sati shida rabonsa da gida. An ba likitoci masauki kusa da asibiti don kada su kai wa iyalansu cutar. Safiyyatu ta yi azuminta ita kaɗai a ɗaki biyu da falo. Ta haddace tayal ɗin kicin, ta san lokacin da rana ke taɓa labule. Ladan ya kira salla ya ce kowa ya yi a gidansa. Titin da bai taɓa yin shiru ba ya zama kamar an share shi, ba abin da ke wucewa sai fararen bas-bas na lebura, safe da yamma, ana kai su ginin filayen gasar ƙwallon duniya. Baba Kazimu ya taɓa cewa a ƙasar nan ƙwallo ce kaɗai ba a ce ta zauna a gida ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta sami tamanin da tara a takardar. Jan layin ya sake yin ƙaura, ya koma tamanin da takwas.

"Baba, wannan kuma wane dalili ne?"

"Na rubuta a gefe. Yatsuna sun yi sanyi, na'urar ba ta karanta yatsa mai sanyi daidai."

"To ka ɗumama hannun, ka sake aunawa ina tsaye."

Ta ji yana jan kujera zuwa bayan ƙofa, ya zauna, kujerar ta yi ƙara. Tsakanin kowace magana sai ya tsaya, kamar mai hawa bene da kaya.

"Zauna, in gaya miki wani abu. Shekarar tamanin da ɗaya masana'anta ta tura ni Italiya, aikin sati biyu. Na tafi da riga uku. Ina can sojoji suka karɓe ƙasarmu, aka rufe iyaka, aka yanke waya. Abokan aikina da muka yi yajin aiki tare aka kwashe su. Aka aiko mini da saƙo a ɓoye, kada ka dawo." Ya yi tari mai tsawo. "Sati biyun nan ya zama shekara tara. Matata da 'yata Halina, tana jaririya, sai bayan shekara huɗu suka same ni. Uwata kuwa ta mutu ban gan ta ba. Hoton kabarin aka aiko mini a ambulan."

"Allah sarki," Safiyyatu ta ce a hankali.

"Yanzu matata tana kwance kusa da ita, a ƙauyenmu. Akwai wuri ɗaya a gefe, nawa ne. Halina ta gyara mini ɗaki a gidanta. Sau ɗaya aka rufe mini ƙofa, Injiniya, na san yadda abin yake. In suka ɗauke ni yau, ba zan ga jirgin nan ba. Ki kai ni Alhamis kawai. Da na sauka, in suna so su kwantar da ni shekara."

Ta so ta ce masa akwai mutum ɗari biyu da za su zauna tare da shi a cikin jirgin. Ta so ta ce na'ura ba ta yin kuskure gefe ɗaya kullum. A gidansu ba a ce wa babba ya yi ƙarya. Ta tashi tana ganin yayyenta maza masu gemu suna sunkuyar da kai in mahaifinsu ya ce fari baƙi ne, sai dai a bi ta bayan gida a gyara. An sha gaya mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ga shi kuma wannan babban ya ba ta amana, ya ba ta labarin uwarsa. Ta sa hannu, ta danna har biron ya huda takardar.

Ta shiga kicin ta yi abin da ta iya. Ta dafa kanumfari da citta da lemon tsami, ta zuba a tukunya ta ce ya lulluɓa da bargo ya yi surace. Ta yi farfesun kaza da yaji kaɗan. Duk wanda ya san mutanenmu ya san haka muke, in magana ta gagare mu sai mu ɗora tukunya.

Bayan la'asar Ja'afaru ya kira. Fuskarsa a waya duk shatin takunkumi, idanunsa sun faɗa.

"Ya ibada? Kin samu kin ɗan runtsa?"

"Alhamdu lillahi. Ya aiki?"

"Sai addu'a. Yau mutum uku muka rasa kafin azahar. Abin da ke ba ni haushi, Safiyya, ba sa zuwa da wuri. Mutum yana zaune yana hira, iskarsa ta ƙare bai sani ba. Khalas, a bar maganar. Ya Baba Kazimu? Yana ta shirin tafiya ko?"

"Yana nan," ta ce.

Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Da suka yi sallama ta zauna a kan darduma har aka kira magariba, dabino a hannunta, ta manta ba ta kai shi baki ba.

Litinin da safe ta sami kwanon farfesun yadda ta ajiye shi, man ya daskare a sama. Takardar tana nan, amma babu sifana a kanta. Tamanin da biyar. Jan layin an ja shi da hannu, ba rula, ya karkace ya gangara kamar hanyar tururuwa. Babu bayani a gefe. Wannan ne ya tsorata ta fiye da lambar. Baba Kazimu ya ja layi babu rula!

Ta ƙwanƙwasa. Ta sake ƙwanƙwasawa da tafin hannu.

"Ina ji." Muryar daga ƙasa ta fito, kamar a zaune yake a daɓe ya jingina da ƙofar. "Sa hannu."

"Baba."

"Kwana uku."

Ta durƙusa a bakin ƙofar kamar yadda take yi in za ta gaishe shi. Tun da take ba ta taɓa ce wa mai furfura a'a ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka yafe mini. Ba zan sa ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan sa hannu ba. Injin nan bai isa tashi ba."

Abin da ya biyo baya da yarensu ya yi shi, bai kuma yi kama da addu'a ba. Ya bugi ƙofar da wani abu, bugu mara ƙarfi. Ya dawo Turanci ya ce ta ci amana, ya ce ya ɗauke ta 'ya ashe 'yar sanda ce. Sai tari ya ƙwace maganar, ya riƙe shi har ta zaci ba zai sake shi ba. Tana durƙushe a wurin, hawaye yana jiƙa takunkumi, ta kira Ja'afaru.

Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi da muryar aiki: "Tun yaushe?" Da ta ce tun Laraba, sai ya ce, "Kada ki shiga. Ga motar asibiti nan."

Mutum biyu suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin komai sai idanu. Tsohon da kansa ya miƙa hannu ya zare sakata. Safiyyatu ta tsaya a bakin ƙofarta, ta hango cikin falonsa: jakunkuna biyu a jere, kowace da takardar suna, da kwat ɗinsa a rataye a jikin kujera, an goge. Suka ɗora shi a kujerar ɗaukar marasa lafiya, suka sa masa robar iska a fuska. Kwana biyar kawai rabonta da ganinsa, amma kamar an sace rabinsa. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

Da suka zo daidai ita ya ɗaga yatsa, suka tsaya. Ya janye robar. Ta sunkuyar da kai tana jiran sauran zagin.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Mai sa hannu na biyu ba don ya ji tausayin na farko aka ajiye shi ba." Ya ja numfashi. Babu fushi a idonsa, sai irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya ci jarrabawa bayan an tashi. "Tun Asabar ya kamata ki ƙi."

"Yalla, yalla," ɗaya daga cikin mutanen ya ce, ya mayar masa da robar. Suka gangara da shi.

Da yamma aka zo aka ɗauki gwajinta, aka ce kada ta taka ko bakin bene har kwana goma sha huɗu. Da can kulle na kowa ne, yanzu ya zama nata ita kaɗai. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin falo da kicin, magana ɗaya tana juya ta. Da ta ƙi tun Asabar, wataƙila da ya rayu. Da ta sa hannu ranar Litinin, wataƙila da ya lallaɓa ya kai gida, ko da a ƙofar Halina zai faɗi. Ita kuwa ta tsaya a tsakiya, ba ta ga tsuntsu ba, ba ta ga tarko ba. Ta ji haushinsa don ya ɗora mata wannan kaya, ta ji haushin tarbiyyar da ta ɗaure mata harshe, ta kuma ji kewarsa kamar ta uba.

Talata Ja'afaru ya ce an sa shi a injin numfashi. Laraba bayan azahar ya sake kira. Tun daga sallamarsa ta gane.

"Safiyya, sai haƙuri. Ɗazu da ƙarfe ɗaya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta zame ta zauna a ƙasa. "Ya yi magana?"

"Bai farfaɗo ba. Na kira 'yarsa na gaya mata."

"Za a kai shi gida?"

"A wannan halin? Babu mai ɗaukar gawar korona. Akwai maƙabartar waɗanda ba musulmi ba can yamma, bayan gari. Can za a kai shi." Ya nisa. "Ki daina kuka haka, kina azumi. Kwanansa ne ya ƙare."

"Likita, da na faɗa maka tun Asabar fa?"

Ja'afaru mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko ta lallashi. Ya ce, "Allah ne masani," kuma ta ji abin da bai faɗa ba.

Alhamis da ƙarfe bakwai na safe ta ji hon a ƙasa. Sau biyu, a hankali, irin na mai ladabi. Can kuma aka sake. Ta ɗaga labule ta buɗe taga, zafi ya daki fuskarta. Wata farar mota ce a bakin gini, direban ya fito ya buɗe but, wurin zuba kaya, yana tsaye yana kallon sama da waya a hannu. Ta gane shi. Fatawu ne, mutumin zangon Kumasi da ke haya da mota, wanda kan kai ta kasuwa kafin kulle.

"Hajiya, ina kwana! Don Allah ki buga ma tsoho ƙofa. Tun sati biyu ya yi bukin mota, ya ce bakwai daidai, ba bakwai da minti ɗaya ba. Ina ta kira, waya nashi a kashe. Za mu yi latti a eyapot."

Ta riƙe ƙarfen tagar. Daga hawa na biyu, dole sai ta ɗaga murya, ga titi shiru, kowace kalma sai da ta bugi ginin da ke fuskantarsu ta dawo.

"Fatawu, Baba ya rasu. Jiya."

Ya sauke wayar. Ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya zare hularsa, ya sake mayarwa.

"Wai! Inna lillahi. Tsoho da ya ce mini yau zai ci abinci a gidan ɗiyanshi?" Ya girgiza kai. "Kaya nashi fa, Hajiya? In hau in sauko da su?"

"An kulle ɗakin. Ba mai shiga."

Ya jingina da motar, ya daɗe yana kallon kwalta. Wata bas ta lebura ta zo wucewa, ya matsa ya ba ta hanya. Sannan ya zagaya baya, ya dubi cikin but ɗin da ya share ya shimfiɗa wa kwali, ya sa hannu biyu ya rufe shi a hankali.